Koriyar Wayar da Ta Bi ta Tagar Hajiya Memuna

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata na shiga shagon Awudu kafinta a Maamobi. Mu uku ne a ciki: ni Mumuni mai gyaran inji, da Awudu mai shagon, da ƙanin matarsa Fuseini, wanda ya yi karatun kwamfuta har aka ba shi takarda, kuma bai taɓa bari wani ya manta da hakan ba. A jikin bango an jingine ƙyauren ƙofa na katakon odum, ya fi ni tsayi, an lulluɓe shi da tsohon zane. A ƙasa kuma ga allunan gwaji uku, kowanne da zanen tauraro da ya fara a miƙe ya ƙare a karkace.

"Baba Mumuni, inji ya haukace," in ji Awudu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Na ce, "Mu gama gaisawa tukuna. Sannan ka gaya mini abu uku: me ya yi, da ƙarfe nawa, kuma me aka taɓa."

"Ba a taɓa komai ba."

Fuseini ya juya yana duba rufin ɗaki.

Ga yadda maganar take. Masallacin layin su Awudu yana da tsohuwar ƙofa mai ƙyaure biyu, wadda kakanninsu suka kafa. Dattawan masallaci sun yarda ya sassaƙa mata zanen taurari da injinsa mai aiki da kwamfuta, amma ɗaya bayan ɗaya za a ba shi, don ba a barin masallaci a buɗe. Ƙyaure na farko ya yi shi wata uku kafin ranar, ya fito har masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto. Na biyu an ciro shi kwana tara ke nan, an rataye tabarma a madadinsa, kuma awakin layin sun riga sun gane tabarma ba ƙofa ba ce. Ranar Juma'a za a ɗaura auren 'yar liman, baƙi na zuwa daga Kumasi. Tsohon odum irin wannan ba a samunsa a kasuwar katako. In inji ya ɓata shi, babu wani. Awudu kuwa a wannan masallaci aka raɗa masa suna, a nan yake salla sau biyar a rana, ta wannan ƙofa zai riƙa shiga har ya mutu, kowa na nuna shi.

Na ajiye jakata. Kafin in ci gaba, bari in yi magana da ku samarin da kuke zuwa wurina da waya a hannu kuna cewa aikin nan danna maɓalli ne.

Injin ga yadda yake. Kwamfuta tana faɗin inda za a je. Akwati yana karɓar maganar ya raba ta ga moto uku: ɗaya mai kai gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa. Kowane moto yana tafiya taku-taku, ƙanana ƙwarai, ana ƙirgawa. A tsakiya akwai kan yanka, mai juya haƙorin da ke cin katako. Abin da ba ku sani ba shi ne injin makaho ne. Ba ya ganin inda yake, ƙirge kawai yake yi. In taku goma suka ɓace masa bai san sun ɓace ba. Zai ci gaba da aikinsa da ƙarfin hali, kamar direban motar haya ta trotro da ya saki hanya yana ƙara wuta. Aikina shi ne in gano inda takun ya faɗi. Wuraren da zai iya faɗuwa suna da yawa, kuma ba a nemansu da fushi. Bi da bi ake yi.

Bi da bin nan ba a kan wannan inji na koye shi ba. Da na gama makarantar midil, mahaifina ya kai ni wurin Masta Kwaku mai gyaran rediyo a Nima, da goro da kwalaben lemo. Shekarar farko shara na yi da sayo wa Masta tuwon dokunu. A ta biyu aka ba ni sukuddireba. Na tuna rediyon wani malamin makaranta, baƙa mai hannu, da aka kawo ran da Masta ya tafi jana'iza. Na buɗe ta, na cire abu uku da na ga ba su yi mini kyau ba, na jera su a kan tebur ina jiran yabo. Masta ya dawo, bai dubi teburin ba. Ya buɗe bayan rediyon, ya juya batir ɗaya da aka sa a baibai. Ya ce in mayar da abin da na cire. Na kwana biyu ina mayarwa. Da na gama ya sa na ɗauki rediyon a ka har gidan mai ita, in gaya masa da bakina abin da na yi. Daga ranar ya ba ni jerinsa: wuta, ƙasa, waya, sannan ciki. Ba a buɗe cikin abu sai an tabbatar wuta na shiga daidai, wayar ƙasa na nan, kowace waya ta kama. Da kwamfuta ta shigo sana'ar sai na ƙara biyu a ƙarshe: manhaja, sannan mai inji. Da yawa a na ƙarshen ake samun ciwon, amma ladabi ya sa nake barinsa a baya.

Injin farko da na taɓa, a shekarar dumso ne, lokacin da wuta take tafiya yini da kwana ta dawo rabin yini. Gyaran talabijin ya riga ya fara mutuwa, don sababbin ba a yi su don a buɗe ba. Na koma gyaran fitilar caji da fanka. Sai wani mai rubuta alluna a mahaɗar Malam ya aiko a kira ni. Ya sayo ƙaramin inji a wargaje, ya haɗa shi da kansa yana kallon bidiyo, ya yi mako biyu yana jin daɗi, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana akwatin ya yi hayaƙi. Ban taɓa ganin irinsa ba, na kuma gaya masa haka. Na yanko kwali, na zauna kwana uku ina bin kowace waya da mita ina zanawa. Na gano ɗan allon da ke tuƙa moton hagu da dama ne ya ƙone, wanda muke kira direba. Na sa wani. Sai muka zauna jiran wuta. Daga hantsi har la'asar muna kan benci muna kallon kwan fitila. Ta zo minti goma, moton ya motsa, ta tafi. A shekarar haka na yi aiki: yini guda don gwajin minti goma. Kayan gyara kuwa sai Old Fadama, wurin masu bola, in tsuguna ina ciro moto daga matattun injinan buga takarda. Da yawa daga abokan koyona sun bar sana'a a lokacin. Ɗaya yana tuƙa tasi, ɗaya yana sayar da doya, kuma duk sun fi ni ƙiba.

Masu injin nan iri-iri ne. Akwai tsohon malami da ya yi ritaya yana sassaƙa sunayen jikokinsa, har waɗanda ba a haifa ba. Akwai wata mai rini da ke yanka hatiman buga zane, ita kaɗai ce take share injinta ba sai an ce ba. Akwai samari da suka buga katin kamfani tun injin yana cikin jirgin ruwa. Abu ɗaya ya haɗa su: kowa bai taɓa komai ba.

To, mu koma Talata.

Na buɗe jaka na jera kaya yadda na saba, daga hagu zuwa dama: mita, testa, sukuddireba uku, filaya, ƙarfen narka dalma, tsohon buroshin haƙori na share garin katako, fensir, da littafina. A littafin nan nake rubuta saitin kowane injin da na taɓa: taku nawa ke yin milimita ɗaya, gudu nawa moto ke iya ɗauka. Injin Awudu ni na saita shi shekara biyu baya, shafinsa na nan.

Wuta: na auna, daidai. Ƙasa: na ɗora bakin mita ɗaya a jikin inji, ɗaya a kan koriyar wayar da ta fita ta taga, mita ta yi ƙara, na sa alama. Waya: na ja kowace ɗaya, na ƙara ɗaure biyu. Na buɗe akwati, sai na ga allon lantarki da ban sani ba.

"Wannan fa?"

Fuseini ya gyara murya. "Sabo ne, Baba. Na yi oda. Tsohon ya tsufa."

"Shekararsa biyu. Kai nawa?"

Na kunna kwamfuta. Babu saitina ko ɗaya. An wanke ta tas, an sake sa manhaja, ba sau ɗaya ba, sau biyu. Lambobin da ke ciki na wani Bature ne da Fuseini ya kalla a waya, wanda injinsa ya ninka na Awudu girma.

"Mutumin ƙwararre ne paa," in ji Fuseini. "Mutane da yawa suna binsa."

"Ka kira shi ya zo ya rataye ƙofar ran Juma'a."

Awudu ya ce, "Fuseini, ba ka ce mini kallo kawai kake yi ba?"

"Yaya, taimako ne."

Talata ta tafi a kan mayar da inji yadda yake kafin taimako. Na mayar da tsohon allo, lafiyarsa ƙalau. Na shigar da lambobina ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe huɗu da rabi muka ɗora allon gwaji na huɗu. Minti goma sha takwas yana tafiya kamar ɗan kirki. A na goma sha tara ya goce hagu da faɗin yatsa, ya ratsa ta tsakiyar tauraro.

Fuseini ya yi murmushi. Yana da gaskiya a wannan: ciwon ya riga shi zuwa. Shi dai ya ɗora masa nasa ne a sama.

Laraba ƙarfe takwas na cire haƙorin yanka, na ɗaura fensir a wurinsa, na shimfiɗa takarda. Wannan gwaji ba ya cin katako, kuma ba ya ƙarya. Na bar kan yanka a kashe, na sa inji ya zana tauraro sau goma a wuri ɗaya. Layi ya hau kan layi, kamar sau ɗaya aka zana. Na kunna kan yanka yana juyi a iska, na sake. A zagaye na shida layin ya rabu biyu.

Na san gidan ciwon. Kan yanka yana da nasa akwati mai juya shi, kuma wannan akwati yana zubar da dattin wuta, ba ya iya dainawa, haka aka yi shi. Wayar ƙasa ita ce kwatar da ke kwashe dattin ta kai shi cikin ƙasa. In kwata ta toshe, duk mutumin Nima ya san inda ruwa ke komawa: ɗakin mutane. Dattin sai ya shiga siraran wayoyin da ke kai ƙirge, moto ya ji an ce taka alhali ba a ce ba.

Amma na riga na sa wa ƙasa alama. Don haka na bi sauran. Na raba wayar kan yanka da wayoyin ƙirge. Na canja igiyar kwamfuta da mai sulke. Na matsar da akwati nesa. Ya ɗan yi sauƙi: maimakon zagaye na shida, sai na tara. Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin layin ya sake rabuwa.

Awudu ya dawo daga sallar azahar fuskarsa a ɓace. Ya zauna a kan buhun garin katako.

"Akuya ta shiga muna raka'a ta uku," ya ce. "Ta bi sahu tana shinshinawa. Da aka sallame, ni kawai liman ya duba. Dattawa sun ce gobe da yamma a mayar da ƙyauren, ko da zane ko babu."

"To a mayar babu," na ce.

"Ɗaya da taurari ɗaya fili? Gaban mutanen Kumasi? Baba, a ɗora shi a kan inji kawai. Wataƙila ya yi."

Fuseini ya ce, "Ai, Yaya, in an rage gudu zai iya wucewa."

"Ba za a ɗora ba," na ce. "In kun ɗora, ku bari in kai bakin titi tukuna, kada a ce ina wurin."

Na ɗauki littafina na karanta daga sama, kamar na wani ne. Wuta, an auna. Ƙasa, an sa alama. Na tsaya a nan. Mita ta gaya mini inji yana haɗe da koriyar waya. Ba ta gaya mini koriyar wayar tana haɗe da komai ba. Na auna farkonta, ban je ƙarshenta ba. Kuma na san dalili.

Tagar da wayar ta bi tana buɗewa ne cikin gidan Hajiya Memuna, mai gidan da Awudu ke haya, mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi. Namiji baƙo ba ya kutsawa tsakar gidan mata yana leƙa bayan tukwane. Wannan dalili na farko ne, shi nake gaya wa mutane. Na biyu, shekaru da suka wuce Hajiya ta kawo mini talabijin ɗinta yana hoto babu murya, na mayar mata da shi babu hoto babu murya. Tun daga lokacin in na hango ta sai in tsallaka titi. Shekara talatin da wani abu ina koya wa mutane jeri, na tsallake mataki na biyu don tsoron mace mai ludayi.

Na zaga ta zaure na yi sallama sau uku.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Mumuni ne, Hajiya."

"Wane Mumuni? Mai kashe talabijin?"

"Shi."

"Shigo. Rediyona na ɗaki, kada ka dube shi."

Tana zaune tana tsince wake. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi jikoki da kasuwa, sannan na ce ina son in bi wata waya.

"Bi. In ka taɓa tukunyata za ka sani."

Wayar ta sauko daga taga, ta bi jikin bango, ta ratsa bayan buhun gawayi, wani ya shanya tsumma a kanta, ta fita ta ƙaramar ƙofar baya zuwa wani lungu. A nan ta ƙare, an naɗe ta a jikin guntun rodi. Na kama rodin da yatsa biyu na ja. Ya fito. Tsawonsa bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa ba. Ƙasar wurin busasshiya, tana zuba kamar gari.

Mai wayarin da ya yi wannan aiki, Allah Ya shirye shi. Amma abin da ya ɗaure mini kai daban ne: da wannan guntun ƙarfe inji ya yi shekara biyu lafiya, da shi aka sassaƙa ƙyaure na farko.

Hajiya ta biyo ni da tiren wakenta. Awudu da Fuseini suna leƙe ta taga.

Na ce, "Hajiya, me ya canja a lungun nan?"

"Tsabta ta canja. Da nan kwata ce. Shi Awudu da ma'aikatansa, da teloli na gaba, da duk wanda ya ga dama, nan suke tsugunawa alwala, safe da rana da yamma. Shekara da shekaru wurin bai taɓa bushewa ba. Bangon ɗakina ya jiƙe har ciki, akwatin zannuwana ya yi fumfuna. Na ce wallahi duk wanda na sake gani da buta a nan, da ruwan zafi zan taimaka masa."

"Yaushe?"

"Bayan ƙaramar salla."

Na juya wajen taga. "Awudu, yaushe ka yi ƙyaure na farko?"

"Cikin azumi."

"Kuma na tambaye ka me ya canja, ka ce babu."

"Baba, inji ka tambaya. Ina ruwan inji da inda nake alwala?"

Ruwansa ke nan. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shan dattin wuta, busasshiya ba ta sha. Butocin mutanen layi ne suka riƙe injin Awudu shekara biyu, ba wanda ya sani. Da Hajiya ta kore su, ƙasa ta yi ta bushewa a hankali, inji ya yi ta lalacewa a hankali.

Zato ba aiki ba ne, sai an gwada. Na mayar da rodin raminsa, na ce Hajiya ta taimaka mini da bokiti biyu na ruwa.

"A lungun da na hana?"

"Sau ɗaya ne."

Ta ajiye tire. "Famfo bai zo ba kwana uku, ruwana na ganga ne. Zan ba ka. Amma ka fara faɗa, su ji, wa ya kashe talabijin ɗina."

"Hajiya, tsoho ne, kuma wuta..."

"To babu ruwa."

Awudu ya ce ta taga, "Baba, don Allah."

"Ni na kashe shi," na ce.

"Yoo. Ɗebi uku."

Na zuba a hankali har ƙasa ta sha. Ƙarfe biyu da minti goma na kunna kan yanka, na saki fensir. Zagaye goma. Ashirin. Na bar shi awa ɗaya cur. Layi ɗaya ne a kan takardar, baƙi, har fensir ya kusa huda ta.

Fuseini ya ɗauki takardar ya ɗaga ta wajen haske. "Wannan ba ya cikin bidiyon," ya ce.

Awudu ya yi hamdala, ya leƙa taga. "Hajiya, to ko za mu riƙa dawowa nan da buta, ko da azahar kawai?"

Abin da ta amsa ba zan rubuta ba.

Na ce ba a gyara da bokiti. Na aiki Awudu ya sayo sandar ƙasa ta gaskiya, mai rufin jan ƙarfe, wadda ta fi mutum tsayi. Na nuna wuri nesa da bangon Hajiya. Rami kuwa na miƙa wa Fuseini diga, na ce wanda ya wanke kwamfuta sau biyu yana da ƙarfi a ajiye. Ya cire agogo ya haƙa, kuma in faɗi gaskiya, ya haƙa da kyau. Muka kafa sandar, muka zuba gawayi da gishiri a kewayenta don ƙasa ta riƙe danshi, duka biyun daga kicin ɗin Hajiya, tana tsaye tana gaya mana abin da take tunani game da maza. Na sa sabuwar waya mai kauri, na ɗaure ta da maƙalin ƙarfe, ba naɗi ba. Kafin magariba na sake gwajin fensir. Layi ɗaya.

Alhamis ƙarfe bakwai da minti biyar muka ɗora ƙyauren. Na share dogayen ƙarafan da inji ke bi. Muka ɗaure katakon ta kusurwa huɗu. Na kai inji gidansa, wato inda yake fara ƙirge. Na sa shi ya bi zanen gaba ɗaya a iska, yatsa biyu sama da katako, kan yanka na juyi. Awudu ya ce ɓata lokaci ne. Na ce ya fita ya sha koko. Sai ƙarfe takwas da kwata haƙori ya taɓa odum.

Na zauna da littafi, kowane minti goma ina rubuta lambar layin da kwamfuta take kai. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida wuta ta ɗauke. Awudu ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Na ce kada wanda ya taɓa katakon, kada wanda ya jingina da tebur. Na ɗaga haƙorin da hannu. Bayan minti arba'in ta dawo. Na jira wasu biyar ta daidaita, na mayar da inji gidansa, na koma layin da na rubuta na ƙarshe, na bar shi ya bi tsohon sawunsa har ya iske sabon katako. Haƙori ya faɗa cikin ramin da ya bari kamar bai taɓa fita ba.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ya gama. Awudu ya hure garin, ya bi kowane tauraro da yatsa, tun daga sama har ƙasa. Aka kawo amalanke. Kafin magariba an cire tabarma an rataye ƙyaure. Da aka rufe ƙofar, rabin tauraron da ke gefen tsohon ya haɗu da rabin da ke gefen sabon, babu tazarar da farce zai shiga. Ran Juma'a aka ɗaura aure, mutanen Kumasi suka ɗauki hoto, Awudu ya tsaya a bakin ƙofa da babbar riga yana karɓar gaisuwa kamar shi ne uban amarya.

Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuta wannan ba. Amma labari a Zango ba ya tafiya yadda aka sake shi. A Maamobi an ce Mumuni ya zuba ruwa inji ya warke. Kafin ya kai kasuwar Nima ya zama ruwan alwala. Kafin ya kai mahaɗar Malam ya zama ruwan da na yi wa tofi. Mako uku bayan haka wani mai yanka haruffan roba ya shigo shagona da akwatin injinsa a cikin buhu, yana ɗiga, yana warin ƙuna. Injinsa ya fara ɓatar da taku, ya ji labarin, ya cika buta ya tuttula a kan akwatin, wuta na kunne. Ya ce mini ya yi bisimilla kafin ya zuba. Na ce shi ya sa yake tsaye a gabana.

Don haka kai mai karanta wannan, in kana da inji a shago ko a ɗaki, ga roƙona, kuma ka bi shi yadda na jera. Kashe wuta. Kama koriyar waya da hannunka. Bi ta taku-taku har inda ta ƙare, ko da ta ratsa ta kicin ɗin matar da kake tsallaka titi dominta. Yi sallama, ka amsa laifinka in kana da shi, ka wuce. In ka isa, ja sandar ka gani ko za ta fito. In ta fito, kira mai aikin wayarin ya kafa ta gaskiya. Butarka kuma, don girman Allah, ka bar ta a bakin masallaci.